Malam Nasidi da Wasan Kira-ka-jefa

Malam Nasidi taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan ina da ikon faɗarsa, in kuma ya ji haushi ya san ƙofar gidana. Mutum ne dogo, siriri, mai wuya kamar na zalɓe, kuma tun da ya fara aikin koyarwa ban taɓa ganin wuyan nan babu usur a rataye ba. Har wurin ɗaurin aure yake zuwa da shi a ƙarƙashin babbar riga. Na sha ce masa ranar da ya mutu sai an kwance usur kafin a yi masa wanka, shi kuwa ya ce ni zan riga shi, kada in wahalar da kaina.

A wani ƙauye muka tashi kusa da Gwangwan, a ƙasar Rogo. Ubansa manomi ne, ya so ƙwarai Nasidi ya gaje shi, amma hannun Nasidi bai taɓa zama lafiya da fartanya ba. Ya tafi kwalejin horon malamai, ni ma daga baya na bi sahu. A tsakiyar shekarun 1980 Allah ya haɗa mu a firamaren ƙauyenmu, ni ina aji ɗaya da 'yan majina, shi yana aji uku. An kuma ɗora masa wasanni, don babu malamin da yake son tsayuwa a rana.

Shi kam kamar jira yake. A kwaleji akwai wani Baturen malami da yake da faifan roba, yana fita da ɗalibai suna jifan gindin itatuwa da shi, daga wannan itace zuwa wancan. Nasidi ya dawo gida da wasan a kansa, babu faifan roba. Ranar da ya ga uwarsa ta ɗaga faifai daga kan ƙwaryar gari, a ranar ta rasa shi. Ya kafa turaku a filin makaranta, ɗaya a bayan tsamiya, ɗaya kusa da ɗorawa, ɗaya can wajen tsohuwar rijiyar da aka cike, ya ɗaura kwando a kan kowanne. Yaro zai wurga faifai, ya bi shi, ya tsaya inda ya faɗi ya sake wurgawa, har ya shiga kwando. Wanda ya shigar da jifa kaɗan shi ya ci. Yara suka haukace a kan wasan nan.

Matan gari ma sun kusa haukacewa, amma ba don daɗi ba. Mace za ta ajiye tuwo ta juya, ta tarar da ƙwarya a buɗe, faifai yana makaranta. Sai da wata tsohuwa ta biyo jikanta har cikin fili da muciya, sannan Nasidi ya kafa doka cewa tsofaffin faya-fayen da aka daina amfani da su kawai za a kawo. Aka samu zaman lafiya. Sai dai tsohon faifai bakinsa yakan zare, tsinkayen ciyawar da aka ɗinka shi da ita su fito waje. Babu wanda ya kula da wannan a cikinmu.

Abin da ya fi shahara da shi kuwa ba jifan ba ne, wasannin da yake sa yara kafin jifan ne. A farkon lamari yara sukan fito daga aji su hau wurgi da sanyin jiki, washegari kowa yana riƙe da kafaɗa. Wani uba ya zo ya ce ɗansa ya kasa ɗaga garma, in haka boko yake a ba shi abinsa. Daga nan Nasidi ya rantse babu mai taɓa faifai sai jikinsa ya yi ɗumi. Da ya ce su yi gudu su zagaya fili, sai suka riƙa ɓuya a bayan aji. Sai ya mayar da abin wasa.

Yakan fara da langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle har zufa ta tsatso. Sai jan guga: a tsaya a ware ƙafa, a yi ta jawo igiyar da babu ita daga rijiyar da babu ita, hannu na bin hannu, shi yana ihu wai gugan Kande ya yi nauyi, a taimaka mata. Sai fiffiken ungulu, a buɗe hannuwa ana juya su, a hankali, sannan da sauri. Shi ne babbar ungulu a gaba, kuma wallahi ya dace da matsayin. Akwai shaho da 'yan tsaki, akwai faifai-ya-yi-zafi, inda ake miƙa faifai hannu da hannu har ya busa usur, wanda aka kama da shi ya yi tsallen kwaɗo. Ni daga tagar ajina nake kallo, ina dariya har 'yan ajina su taso su taya ni. Amma gaskiya ita ce, daga lokacin ba mu sake jin kukan kafaɗa ba, kuma yaran da suke guduwa gona bayan tara suka riƙa tsayawa.

Wasan ƙarshe kafin a tafi kwanduna shi ne kira-ka-jefa. Yara su yi da'ira, mai faifai ya kira sunan wani, wanda aka kira ya ɗago hannu, sannan a wurga masa a hankali ya cafe. Shi ma ya kira wanda bai karɓa ba tukuna, har faifai ya zaga kowa. A nan ne taubashina ya yi wayon da ya fi ƙarfinsa. Yaranmu ba su san sunayensu na yanka ba. Ka kira Safara'u a aji, yarinya ta yi maka zuru, don ita Tasalla ta san kanta da shi. An taɓa zuwa daga ofishin ilimi ana kiran suna, rabin aji suka yi shiru suna zaune, hedimasta ya sha kunya. Sai Nasidi ya ce a kira-ka-jefa babu laƙabi. Babu Tasalla, babu Ɗanjuma, babu Gambo, sunan yanka kawai. Wanda ya kira laƙabi ya fita daga da'ira. Ya zo yana yi mini alfahari wai ya haɗa motsa jiki da karatu. Na ce masa Allah ya ƙara basira, don a lokacin ni ma abin ya burge ni.

A ajinsa akwai yaro Halliru, wanda gari ya sani da Ɗanlami. Ubansa Malam Sulle malamin allo ne, mai almajirai a zaure, kuma bai taɓa ba boko ɗa ba. Nasidi ne ya yi ta sintiri a zauren nan, yana durƙuso, har Malam Sulle ya gaji ya ce, "To Nasidi, ga shi nan. Amana ce na ba ka, ba gwamnati na ba wa ba." Akwai kuma Laure, 'yar rugar da ke gabas da gari. Ni na koyar da ita a aji ɗaya. Yarinya ce mai kunya, ba ta ɗaga ido, amma hannunta ya saba jifan maraƙi da curin ƙasa, saboda haka in ta wurga faifai sai ka ji yana kuka a iska.

Wata ranar Laraba da hantsi ina tsaye a taga. An yi langa, an ja guga, ungulu ta yi fiffike, aka zo kira-ka-jefa. Faifai ya zaga har ya iso hannun Laure, kuma saura mutum ɗaya bai karɓa ba, Halliru. Laure ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta dubi Malam, ta sake duban ƙasa.

"Laure, kira ki jefa," in ji Nasidi.

Shiru.

"Ke muke jira. Ba ki san sunansa ba ne? Ku gaya mata."

Yara suka haɗa baki, "Halliru!" Laure ta ƙara sunkuyar da kai. Na ga leɓenta yana motsi, amma babu abin da ya fito. Shi kuwa Halliru, da ya ga abin ya ja, sai ya juya yana tsokanar na kusa da shi. Nasidi ya gaji, ya busa usur da ƙarfi, ya ce, "Jefa!" Yarinya ta firgita ta saki faifai da dukkan ƙarfinta, ba ta kira kowa ba. Halliru ya waiwayo daidai lokacin da faifan ya iso.

Ƙarar da ya yi har yau ina jinta. Kafin in zagayo ta ƙofa Nasidi ya ɗauke shi. Idon dama ne. Da muka raba hannunsa da fuskarsa, sai muka ga baƙin idon ya rine, jini ya kwanta a ciki, ga tsinken faifan ya karce fatar ido. Na waiwaya neman Laure, na hango ta can ta nufi ruga da gudu, ko ɗankwalinta ba ta tsaya ɗauka ba.

Nan da nan gari ya taru, kowa da maganinsa. Wannan ta ce a tatsa nonon mai jego a ciki, wancan ya ce tozali, wani ya tafi neman saiwa. Nasidi, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba, ya ce babu mai taɓa idon nan. Ya durƙusa gaban Malam Sulle ya faɗi yadda aka yi, bai rage komai ba. Malam Sulle ya dubi ɗansa, ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya sa kaffara ce." Bai ƙara ko kalma ba. Da zagi ya yi, da Nasidi ya fi samun sauƙi.

A keke ya goya yaron zuwa Rogo, uban yana biye a keken wani almajirinsa. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya duba, ya rufe idon da auduga, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, su wuce Kano yau ɗin nan. Suka sami motar kasuwa ta Karaye, daga can suka kama ta birni. A asibitin ido likita ya ce jini ya taru a cikin ƙwayar, kuma ba zai iya cewa komai ba sai jinin ya janye. Wataƙila ganin ya dawo, wataƙila kuma ya tafi. Aka naɗe idanun biyu, aka kwantar da Halliru, aka ce kada ya motsa kai, kada ya yi tari da ƙarfi. Yaron da bai iya zama wuri ɗaya ba ko a sahun salla.

Ni aka bari da gari. Washegari da yamma na ɗauki ɗankwalin Laure na tafi ruga. Goggonta, yayar ubanta, ita ta tare ni. Muka gaisa, na tambayi shanu, ta tambayi makaranta, ta kawo mini nono. Laure tana cikin bukka, ta ƙi fitowa, an ce tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Na ce, "Goggo, abu ɗaya nake son sani. Yarinyar nan ba ta da faɗa. Me ya hana ta kiran yaron?"

Goggo ta dube ni kamar na tambaye ta ko shanu suna da ƙaho.

"Malama, yaya sunan yaron?"

"Halliru."

"To, Bappa fa?"

Sai na tuna. Uban Laure kowa Bappa yake ce masa, har mu 'yan gari, shi ya sa sunansa ya ɓace mana. Halliru ne sunansa.

"A gaban mutane, da rana tsaka, ta buɗe baki ta kira sunan ubanta?" in ji Goggo. "Ai gara ta haɗiye harshenta. Kullum wani take zaɓa ta jefa wa. Jiya aka bar ta da shi. In ta ce Ɗanlami a kore ta, in ta faɗi ɗayan ta yi rashin kunya. Ku masu boko ba ku da iyaye ne?"

Na roƙi a bar ta ta dawo makaranta, Goggo ta ce ba za ta taka garin ba sai an ji labarin idon. In ido ya tafi, Bappa ya ce za su tashi daga wurin gaba ɗaya, don ba zai iya haɗa ido da Malam Sulle a masallaci ba.

Uwar Halliru tana jego, ba ta fita, sai ta haɗa ni da dambu da man shanu na kai Kano. Na tarar da Nasidi a barandar asibiti, ya rame ya ƙara tsawo. Malam Sulle yana ciki yana jan carbi a gefen gado. An ce tun zuwansu Nasidi ne mai ɗebo ruwa, mai riƙe kan yaro in zai sha kunu, mai ba shi labari don kada ya motsa, amma ya kasa zama a kujera ɗaya da uban. Na ja shi gefe na gaya masa abin da Goggo ta ce.

Ya dafe kai da hannu biyu. "Saudatu," ya ce, "ni fa ban taɓa faɗin sunan Inna ba. Yarinyar da ke ajinki mai sunanta, me nake ce mata?"

"Mai sunan Inna."

"To kin ji. Ni na san wannan, na tsaya a kan 'yar mutane da usur." Sannan ya ce, "In idon nan ya tafi, na gama koyarwa. Ba zan iya tsayawa gaban yara ba. Gona zan koma."

Na so in ce masa gonar ce za ta fi shan wahala, amma bakina ya ƙi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na tura masa kwanon dambu na ce ya ci. Ya taɓa loma ɗaya ya rufe.

Na kwana biyu a gidan wata 'yar'uwarmu, ina zuwa kullum. Ranar da za a kwance, muka tsaya mu uku a bakin gado. Nas ta warware bandeji a hankali, ta goge idon, likita ya haska fitilarsa ya daɗe yana leƙe. Ni dai salati nake a zuci. Sai ya sa nas ta rufe idon hagu da tafin hannunta.

"Buɗe ɗayan. Me kake gani?"

Halliru ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Na ji Malam Sulle ya daina jan carbi.

"Haske," in ji shi.

"Sai me?"

"Ga taga. Ga Baba." Ya juya kai kaɗan. "Ga Malama Saudatu. Wancan Malam ne? Me ya sa Malam yake kuka?"

Alhamdu lillahi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane ba, sai da nas ta harare ni. Likita ya ce jinin ya janye, ƙwayar lafiya lau, sai ɗan hazo da zai washe, a kiyaye shi da guje-guje na wani lokaci. Nasidi ya sulale ya zauna a ƙasa, dogayen ƙafafun nan a miƙe sun tare hanya, yana kuka da sauti kamar ɗan yaye. Malam Sulle ya sunkuya ya kama hannunsa, ya ce, "Tashi, Malam Nasidi. Amana tana nan a hannunka, ban karɓe ba." A ranar ne na fara jin ya haɗa masa da Malam.

Abin da ya biyo baya mai sauƙi ne. Bappa ya zo zauren Malam Sulle da ƙwaryar nono, suka gaisa suka daɗe, ruga ba ta tashi ba. Laure ta dawo aji. Nasidi ya soke dokar sunan yanka, ya ce kowa ya kira yadda bakinsa zai iya, muddin wanda aka kira ya ɗago hannu kafin a saki faifai. Ya kai faya-fayen duka wurin tela aka naɗe bakinsu da tsumma. Ya ci gaba da ungulunsa har aka yi masa canji zuwa wajen Jajaye, can ma ya kafa turaku, can ma mata suka yi kuka da shi. Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta hana shi langa, yana zaune a ƙofar gida yana ba jikoki umarni.

Amma ni abin da ya fi zauna mini shi ne a motar dawowa daga Kano. Mun wuce Karaye, hanya ta fara girgiza mu, Nasidi ya rungume kan Halliru a ƙirjinsa don kada ya bugu. Tun daga birni na ɗauka barci yaron yake. Sai na ji ya ce, "Malam."

"Na'am."

"Ba wai ban iya cafewa ba ne fa. Ba a kira ni ba ne. Da an kira ni, da na cafe."

Ashe duk kwanakin nan da muke fargabar idonsa, shi abin da yake damunsa ke nan a cikin duhun bandeji. Nasidi ya juya fuska wajen taga.

"Na sani, Halliru," ya ce. "Wallahi na sani."

Yaron ya gyara kwanciya a jikinsa, kafin mu kai Rogo ya yi barci.